Darasin Lafiya: Tsofaffinmu da Ƙwayar Hawan Jini

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga abin da ya faru a kan idona a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sandamu, wata ranar Lahadi cikin watan Afrilu. Zafin bazara ya kai intaha, majami'a ta cika, kwanon rufi ya ɗau rana. Da aka gama wa'azi aka ce kowa ya miƙe don waƙa, wani dattijo mai shekara 70 da 'yan kai ya miƙe tare da jama'a. Bai kai ga buɗe baki ba ya yanke jiki ya faɗi, goshinsa ya bugi benci. Nan take aka ce jininsa ne ya hau. Uwargidansa ta kwance bakin zane ta ciro ƙwayarsa za ta ƙara masa. Allah ya sa akwai wata ma'aikaciyar lafiya a cikinmu, ta riƙe hannunta. Da aka auna, ashe jinin sauka ya yi fiye da kima.

Bayan wata 3 na koma garin, na shiga gaishe shi. Na ce, "Baba, kuna dai shan maganin?" Ya ce, "Ɗana, maganin da ya kayar da ni a gaban surukaina? Yana ƙarƙashin katifa tun ranar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Bai gaya wa kowa ba, har uwargidan. Muka auna, lambar sama ta wuce 180.

A gidan nan an yi kuskure biyu, kuma su ne aka fi yi a garuruwanmu. Na farko, ƙara ƙwaya don an ga jiri. Na biyu, daina ƙwaya a ɓoye don ta dami mutum. Abin da darasin nan yake so mu riƙe shi ne: idan maganin hawan jini ya dami tsoho, a koma a faɗa wa wanda ya rubuta shi, domin akwai wani iri ko wani awo da zai dace da shi.

ME YA SA AKE SHAN MAGANIN TUN FARKO?

Awon jini yana da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan an auna a ranaku daban-daban aka ga ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, mutum yana da hawan jini. Yawanci ba a jin komai a jiki. Ɓarnar a hankali take yi, sai ranar da ta fito a matsayin shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko lalacewar ƙoda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce cikin manya 3 a duniya 1 yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Wasu sukan ce, tsoho ya riga ya ci zamaninsa, me magani zai ƙara masa? An gwada wannan. A 2008 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi kan mutum 3,845 masu shekara 80 zuwa sama, a ƙasashen Turai da Sin da Tunisiya da wasu wurare. A cikin waɗanda aka ba magani, mace-mace ya ragu da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya kuma ta ragu da kashi 64 cikin 100. Ashe har mai shekara 80 maganin yana amfanarsa.

A kuma lura: ƙwayar tana riƙe jinin ne, ba ta warkar da shi. Idan an daina, cikin kwanaki ko 'yan makonni zai koma inda yake.

JIKIN TSOHO DABAN YAKE

Ƙwayar da mai shekara 45 zai sha ya tafi gona lafiya tana iya wahalar da mahaifinsa. Ga dalilai:

1. Ƙoda da hanta su ne ke fitar da magani daga jiki. Da tsufa aikinsu yana raguwa, sai magani ya daɗe a jini.
2. Idan mutum ya miƙe tsaye, jini yakan gangara ƙafafu. Jikin saurayi yana matse hanyoyin jini nan take ya mayar da shi sama. Na tsoho yana jinkiri, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa jini, ido ya yi duhu.
3. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Ruwan jikinsa yana iya raguwa bai sani ba.
4. Tsofaffi da yawa suna shan wasu magunguna na ciwon gwiwa, ko suga, ko matsalar fitsari, waɗansu kuma ba sa jituwa da na hawan jini.

Shi ya sa likitoci suke fara wa tsoho da ƙaramin awo, su riƙa ƙarawa a hankali.

IRE-IREN ƘWAYOYIN DA ABIN DA SUKAN JAWO

Ku ɗauko kwalin maganin Baba ko na Inna ku duba sunansa. Na rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali domin ku iya gwadawa. Mutane da yawa suna shan waɗannan shekara da shekaru ba su ji komai ba. Abin da na lissafa shi ne abin da kan samu wasu.

Masu buɗe hanyoyin jini: Amlodipine da Nifedipine. Su aka fi bayarwa a asibitocinmu. Sukan kumbura idon sawu, ƙafa biyun duka, ya fi yawa da yamma, ya saɓe bayan an kwana. Wasu sukan ji ciwon kai ko zafin fuska a makon farko, wasu dasashinsu yakan kumbura. Kumburin nan yana tsorata mutane, su ɗauka ƙoda ce ta lalace ko an yi musu sammu. Kada a je kemis a sayi Lasix don a sauke shi, ba irin kumburin da take saukewa ba ne, sai dai ta ƙara busar da tsoho. A riƙa ɗora ƙafa a kan kujera in ana zaune, a kuma gaya wa likita, zai iya rage awon ko ya haɗa da wani iri. Amma idan ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura tana ciwo, ko kumburin ya zo da sarƙewar numfashi in an kwanta, wannan wani abu ne daban, a tafi asibiti.

Masu sa fitsari: Hydrochlorothiazide, Bendroflumethiazide da Moduretic. Suna fitar da ruwa da gishiri ta fitsari. A sha su da safe, domin wanda ya sha da dare zai yi ta fita bayan gida cikin duhu, nan kuwa ake faɗuwa. Sukan rage gishirin da ke cikin jini har mutum ya ji kasala, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, ko ya fara rikicewa. Wannan ya fi samun tsofaffin mata marasa ƙiba a makonnin farko. Idan Inna ta fara sabuwar ƙwaya, bayan mako 2 ta soma manta sunan jikoki ko tana magana ba kan gado, kada a ce rikicin tsufa ne ya zo. A kai ta a gwada jininta. Waɗannan ƙwayoyi suna iya ɗaga suga kaɗan, suna kuma iya tayar da ciwon gaɓa mai raɗaɗi, musamman a babban yatsan ƙafa.

Lisinopril da 'yan'uwansa, waɗanda sunansu ke ƙarewa da "pril". Kusan mutum 1 cikin 10 yakan samu busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, ba majina, yana hana barci. Yana iya farawa bayan makonni ko watanni, shi ya sa ake ɗora laifin a kan ƙurar hunturu. Maganin tari na kwalba ba ya taɓa shi. Idan likita ya canza zuwa Losartan, yawanci tarin yakan tafi cikin 'yan makonni. Duk da haka, tarin da ya wuce mako 2 a ƙasarmu sai an gwada majina saboda tarin fuka. Akwai kuma wata illa da ba ta cika faruwa ba amma tana da haɗari, ta kuma fi samun baƙar fata: kumburin leɓe, harshe ko fuska farat ɗaya. Wannan yana iya toshe numfashi. Kada a ƙara shan ko ɗaya, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Lisinopril da Losartan duka suna bukatar a riƙa gwada ƙoda da sinadarin fotasiyam a jini, musamman idan an haɗa su da Moduretic. Mace mai ciki ba ta shan su.

Masu rage gudun zuciya: Atenolol da Propranolol. Sukan kawo gajiya, sanyin hannu da ƙafa, da bugun zuciya a hankali. Mai asma ya gaya wa likita kafin a ba shi. Waɗannan su ne mafi haɗari a daina su lokaci ɗaya, domin zuciya tana iya zabura har ta kai ga ciwon ƙirji.

Aldomet. Tsohon magani ne, har yanzu ana ba mata masu ciki. Tsoho kuwa yakan sa shi gyangyaɗi, bushewar baki, jiri, wani lokaci da baƙin ciki marar dalili.

Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, musamman masu sa fitsari da masu rage gudun zuciya, sukan rage wa namiji ƙarfi wajen iyali. Magidanta da yawa sun bar magani saboda wannan, kunya ta hana su magana. Hawan jinin kansa da ciwon suga suna jawo haka. Likita ya saba jin wannan, kuma akwai irin da za a canza maka. Kada ka sayi maganin ƙarfin maza a kasuwa ka haɗa, yana iya saukar da jini ƙwarai.

JIRI DA FAƊUWA

Wannan ne ya kayar da dattijonmu, kuma kowane irin maganin hawan jini yana iya jawo shi. Faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Ƙashin ƙugu in ya karye, sau da yawa daga nan mutum ba ya ƙara tashi daga tabarma.

Lokutan da jiri ya fi zuwa su ne: tashi daga barci, fita fitsarin dare, miƙewa bayan dogon zama ko durƙuso, ɗagowa daga sunkuyon noma, bayan an ci tuwo an ƙoshi, da makonnin farko bayan an fara magani ko an ƙara awo. A yankinmu na Daura kuma akwai bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Gumi yana kwashe ruwa da gishiri, zafi yana buɗe hanyoyin jini, ga ƙwaya tana nata aikin. Awon da ya yi wa mutum daidai a watan Janairu yana iya yi masa yawa a watan Afrilu. Yana da kyau a kai tsofaffi awo da shigowar zafi.

Ga abin da za a yi:

- A tashi hawa uku. Daga kwance a zauna a bakin gado, a motsa ƙafafu, a ƙirga zuwa 30. Sannan a miƙe a dafa bango ko sanda. Sai ido ya washe a ɗaga ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa.
- A ajiye wa tsoho kwanon ruwa kusa da shi, a riƙa tuna masa, sai dai in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda.
- A ajiye tocila da gwangwanin fitsari a ɗaki, a kawar da turmi, igiyar akuya da kujeru daga hanyar bayan gida.
- Tsoho ya bar aikin rana tsaka, da hawa rumbu, da leƙa rijiya don jan guga.
- A wajen sujada, tsofaffi su zauna kusa da taga. Wanda jiri ke damunsa ya yi waƙarsa da addu'arsa a zaune, kada kowa ya ga laifinsa.

Idan za a auna tsoho, a roƙi ma'aikacin lafiya ya auna shi a kwance bayan ya huta minti 5, sannan a tsaye bayan minti 1 da kuma minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa ta sauka da 10, ya kamata likita ya sake duba maganin.

Idan mutum ya suma, a shimfiɗa shi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi iska. Kada a ɗura masa ruwa ko ƙwaya yana sume. Jiri ba ya nuna ko jini ya hau ko ya sauka, na'ura ce kaɗai ke faɗa.

Gudawa da amai su ma suna busar da jiki. Tsohon da ke shan mai sa fitsari, ko Lisinopril, ko Losartan, idan gudawa ta kama shi, ƙodarsa tana cikin haɗari. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi ɗakin shan magani a ranar tare da ƙwayoyinsa. Sau da yawa akan ce ya dakata da su kwana 1 ko 2 har ya koma ci da sha, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi haka. Haka ma azumi: wanda zai shiga azumi da addu'a ya fara tambaya yadda zai tsara shan maganinsa. Wannan shawara ta shafi maƙwabtanmu Musulmi a watan Ramadan, mu gaya musu.

ALAMUN DA BA A JIRA GARI YA WAYE

- Kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro.
- Suma, ko faɗuwar da aka bugi kai.
- Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe.
- Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi.
- Rikicewa farat ɗaya, ko barcin da ake wahalar tayarwa.
- Fitsari ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi abin hawa a nufi babban asibiti a Daura. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

ABUBUWAN DA KE FAƊA DA MAGANIN

Ƙwayoyin ciwon jiki. Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam, waɗanda ake saya a kemis da wajen masu talla ranar kasuwa don ciwon gwiwa da baya, suna ɗaga jini, suna kuma cutar da ƙoda. Haɗa su da mai sa fitsari da Lisinopril ko Losartan shi ne mafi muni. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, yawanci akwai irin waɗannan a ciki. Farasitamol ya fi sauƙi ga tsoho, a kan awon da aka faɗa.

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen miya gishiri ne mafi yawansa. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke ɗaga jini a cikin gishiri, don haka a rage kunun kanwa da jefa ta a miya da wake. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna ba miya ɗanɗano.

Maganin gargajiya da giya. Duk wani sassaƙe ko jiƙo da ake sha, a gaya wa likita. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Giya da burkutu suna ƙara jiri, suna kuma ɗaga jini in an daɗe ana sha.

Aron ƙwaya. Kada miji ya sha ta matarsa don tasa ta ƙare. Abincin wani gubar wani. Wanda kuma ya manta bai sha ba jiya, kada ya haɗa biyu yau.

AKWAI HANYAR CANZAWA

Wasu suna tsoron komawa don kada likita ya yi musu faɗa. Ku sani canza magani yana cikin aikin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ba da gida uku da za a iya farawa da su: masu sa fitsari, masu buɗe hanyoyin jini, da gidan Lisinopril da Losartan. In wannan bai karɓi mutum ba, a gwada wancan. A 2019 an fitar da sakamakon wani bincike da likita Dike Ojji na asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja ya jagoranta, kan mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, har da marasa lafiya daga Kano. An gano cewa haɗin da ke da Amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Saboda haka kumburin sawu kaɗai bai isa a yar da ita ba, gyara awon ake yi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita ba zai san abin da Baba ke ji ba sai an faɗa masa. In za a je, a zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na kemis da na gargajiya. A faɗi abin da yake ji, da ranar da ya fara, da lokacin da ya fi zuwa. In ya daina sha, a faɗi gaskiya. Idan an ɓoye, likita zai ga jini ya hau ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, ya ƙara awo. In kuɗi ne matsalar, shi ma a faɗa, sau da yawa akwai mai araha.

AIKINMU A GIDA DA IKKILISIYA

Kowane tsoho mai shan magani ya samu mutum ɗaya a gida da zai lura da shi, ko jika ne ɗan makaranta. Ya riƙe ƙaramin littafi: sunan ƙwaya, awon jini da kwanan wata, da abin da aka ji. Ikkilisiya tana iya haɗa kuɗi ta sayi na'urar awon jini mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, a koya wa mutum biyu, a riƙa auna tsofaffi sau ɗaya a wata. Zumuntar mata, in sun je gaida marasa lafiya, su tambayi tsohuwa ko tana jin jiri, ko ta taɓa faɗuwa. Wanda aka yi masa addu'a ya ji sauƙi, mu yi godiya tare da shi, amma kada mu ce ya zubar da ƙwaya. Ya ci gaba da sha, a auna, likita ne zai ce a rage.

Dattijonmu ya yarda babban ɗansa ya kai shi Daura a kan babur. Aka cire masa mai sa fitsari, aka bar shi da ƙwaya ɗaya ƙarama da safe, aka ce ya dawo bayan wata guda. Yanzu yana miƙewa bayan kowa, hannunsa a kan benci, uwargida kuma ta daina yawo da ƙwaya a bakin zane.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Su wa ke shan maganin hawan jini a gidajenmu? Mun san sunan abin da suke sha?
2. Me ke hana tsofaffi faɗa mana cewa magani yana damunsu? Yaya za mu tambaye su cikin ladabi?
3. Da kai ne kake kusa da dattijon nan ranar da ya faɗi, me za ka yi, me kuma za ka hana?
4. Ina ne wuri mafi kusa da za a auna jini a garinku, kuma wace rana ake samun ma'aikaci?
5. Idan tsoho ya rikice da dare, wa ke da abin hawa, wa zai raka, ina kuɗin mai zai fito? Ku yanke shawara yau, ku rubuta.

Ku karanta wannan darasi da ƙarfi a taron mata da na maza domin waɗanda ba sa karatu su ji. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.